Bakan da Mama Ta Rufe

"Wa ya ce ki taɓa min tambaya?"

"Dakta, baka biyar ka buɗe, huɗu ka rufe. Ko ƙofar ɗaki ce ai ba a barin ta haka."

"Nahawu kika karanta, ko lissafi?"

"Rubutunka na karanta, ɗana. Wannan ma ai jarrabawa ce."

Dakta bai yi dariya ba. Sabon malami ne a jami'ar, shi aka ba darasin lissafin nahawu na 'yan aji ɗaya, inda ake yanka jimla gunduwa-gunduwa a saka a cikin baka, wato alamar ( ). Mama mai tafireta kuwa shekara talatin da ɗaya tana buga takardun darasin. Kullum ƙarfe bakwai ta buɗe ofis, ta goge tebur, ta ɗora yatsa kan takarda tana ƙirga baka: buɗe, rufe, buɗe, rufe.

Tambayar jarrabawar a kan "ɗan malamin da ya gudu" ce. In bakan ya rufe bayan "malamin", ɗan ne ya gudu. In ya kai ƙarshe, malamin ne. Mama ta rufe shi inda Dakta ya rufe a takardar darasinsa. Shi kuwa ya ce ruwa ba ya tsami banza, lallai amsoshi ta leƙa. Saura sati biyu ta yi ritaya, aka saka mata takardar tuhuma a fayil.

Tun ranar, kowa ya shigo sai ya dubi durowarta kafin ya gaishe ta. Ita ma ta koma amsa gaisuwa a kaikaice.

Mama, ke ce wadda mai shara ya sha tararwa kina zana bishiyar jimla da rula, lokacin da inji bai iya ba. Ke ce kika riƙa bin haruffa da biro kina yi musu ƙugiya, don kada baƙi ya zama baki. Dubban ɗalibai sun haye da takardunki, ba su san fuskarki ba. Mun gode. Duk mai zama bayan tebur, ya kula da aikinsa kamar yadda kika kula.

Kwamitin bincike ya zauna, ya duba rubutun Dakta, ya samu gaskiyar Mama. Da baki aka faɗa mata, a baranda.

Ranar ƙarshe ta ajiye makulli a gaban shugaban sashe, Dakta na gefe yana latsa waya.

"Ranka ya daɗe, ga makulli. Takardar nan da ke fayil ɗina fa, wa zai cire ta?"