Yatsu huɗu a kan baƙar Fijo

Jama'a, yau yumɓun goge fenti ya nuna mini abin da ban so gani ba!

Da hantsi wani direba ya kawo baƙar Fijo marar lamba inda nake wankin mota a Zongo. Irin motocin nan da ba a tambayar mai su. Ya ce, "Patron, maigidana, yana so ta yi sheƙi."

Na wanke, na shafa murfin but ɗin bayan motar, na ji kamar yashi. Na ɗauko curin yumɓu, na zuba ruwan sabulu, ina murzawa ina ninkewa. Datti na fita. Sai ga shatin tafin hannu a ƙarƙashi, yatsu huɗu, babu ƙaramin yatsa!

Haka hannun Malam Sani yake, limaminmu da aka zo aka tafi da shi bara, har yau shiru.

Na ƙara murzawa, shatin ya ɓace.

Direba ya ce, "Me kake kallo?"

Na ce, "Ba komai, yallaɓai."

Ya ja mota ya tafi. Na buɗe ninkin yumɓun. Wallahi yatsu huɗun nan suna ciki, sun lotsa shi, kuma da ɗuminsu!