Maharbin da ya sauke bakansa

Da safiyar Talata, tara ga Fabrairun 1988, Glenys ta bugo mini waya ta ce mahaifinta, Cyril Hatherley, ya rasu a asibiti yana da shekara saba'in da tara. Na ajiye wayar na nemi kujera. Wallahi na gaji da rakiyar abokai makabarta, Cyril, kuma taka ce ta fi yi mini nauyi.

Masu kallon finafinanmu na 'yan fashin daji ba su san sunanka ba. Jarumin suka sani, mai koriyar riga da siririn gashin baki, wanda ko saniya aka ɗaure masa a gaba ba zai same ta da kibiya ba. Shi zai ja tsirkiya ya yi murmushi, kai kuma kana bayan kyamara da bakan gaske. Ni ne dogarin azzalumin hakimi, wanda kibiyar ke sauka a ƙirjinsa. Sulkenmu zaren ulu ne da aka shafa wa fenti. A ƙarƙashinsa akwai katako mai laushi da kibiya za ta cake, a bayan katakon kuma farantin ƙarfe, shi ne tsakanina da lahira. Shekara tara kana harbina daga taku ashirin, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba.

Kai ne kake zuwa da shayi a gora, ka raba mana a dajin da muke ɗaukar fim a yankin Buckinghamshire, ruwan sama na zuba, mu kuma muna rawar sanyi cikin matsattsen wando. In na faɗi a laka bayan harbi, kai ne farkon mai miƙo hannu. "Tashi, Len, ragon banza," haka kake cewa, "gawar ma ba ka iya yi ba." Lokacin da matata ta kwanta ciwo, kai da matarka Beryl kuka riƙe mini yara uku har wata biyu, ba ku taɓa tuna mini ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A kakar 1961 doki ya yar da ni, haƙarƙarina biyu suka tsage. Na ɓoye, don wanda ya ji ciwo gida ake tura shi. Washegari igiyar farantin ta hana ni numfashi, sai na shiga bayan tanti na cire shi, na bar katakon kaɗai. Wauta ce, na sani. Kibiyarka ratsa katakon za ta yi kamar burodi. Kuma doka ce a wurinmu, duk wanda aka kama ya cire ƙarfe, ya gama aikin fim har abada.

Na tsaya a gabanka. Ka ja baka, ka dube ni, ka daɗe, sannan ka sauke. Daga baya ka ce mini mai ɗauke da ƙarfe ba ya tsayawa haka. Darakta ya taso yana kumfar baki, rana na faɗuwa, mutum ɗari biyu na jira.

"Me muke jira, Hatherley?"

"Yallaɓai, hannuna rawa yake yi. Yau ba zan iya ba."

Shi ke nan. Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Wa zai sake tsayawa gaban maharbin da hannunsa ke rawa? Ka koma tuƙa motar burodi, kana tashi da asuba har gwiwoyinka suka ƙi. Ni kuwa na yi shekara goma sha huɗu ina faɗowa daga ganuwar katako, ina cin abincina. Sau ɗaya na je zan yi maganar, ka ce, "Kai, rufe mana baki, 'ya'yanka uku, tawa ɗaya. Sha shayinka." Na sha, na ja bakina. Ba ka sa ni rantsuwa ba, Cyril. Tsoro ne ya hana ni, daga baya kuma kunya. Na sha zama a mashaya ina jin ana cewa tsufa ya kama ka da wuri, wasu har su ce giya ce, ni kuma ina kallon kofina. Shirun nan ya gajiyar da ni fiye da duk faɗuwar da na yi.

Allah ya jiƙanka, ya hutar da kai, ya saka maka da abin da na kasa. Beryl, Glenys, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ban san ko za ku bari in tsaya bakin kabarinsa ranar Juma'a ba, kuma in kun hana ni, kun yi daidai. Amma ku gaya wa jikokinsa gaskiya, da sunana a ciki: hannun kakansu bai taɓa rawa ba.

Leonard Ockenden