Muryar Gwaggo Ladi da Aka Goge

Ina cikin aji a Makarfi aka kira ni a waya cewa Gwaggo Ladi, yayar mahaifina, ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin in isa Gazara har an gama yi mata sutura.

Gwaggo ungozoma ce, kuma ba zan yi mata ƙaryar daɗin baki don ta mutu ba. Mai naƙuda in ta cika ihu sai Gwaggo ta ce mata, "Rufe mana baki, ba a kanki aka fara haihuwa ba." Amma idan uwa ta rasu ta bar jinjiri, ita ke goya shi gida-gida tana nema masa nono wajen masu shayarwa. Shi ya sa ba a yanka sadaki a unguwarmu sai an tambaye ta, domin ita ta san wa ya sha nonon wa.

Da ta ga mantuwa ta fara kama ta, ta sa aka kira ni in saka mata abin ajiye bayani a waya. Ba ta rubutu, don haka muka tsaya kan manhajar da ke ɗaukar murya. Na nuna mata biyu. Ɗaya tana ajiye kwafi a intanet, ko wayar ta faɗa rijiya ba a rasa komai. Ɗayar kuwa komai a cikin wayar yake zama. Na roƙe ta ta ɗauki ta farko.

"Shi intanet ɗin ɗan gidan waye?" in ji ta. "Sirrin matan mutane zan ba wanda ban san ubansa ba? Saka mini mai zama a ɗakina."

Na saka. Damina guda tana zaune a kan tabarma tana faɗa wa waya sunayen 'ya'ya da matan da suka shayar da su. Ni kaina ba ta yarda na saurara ba.

Bayan girbi ɓarin jikinta ya shanye, baki ya tafi. A cikin jinyar ne manya suka shiga maganar aurena da Zainab, 'yar garin Likoro, wadda mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta. Ran sadakar ukun Gwaggo, a zaman makoki, wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Anya ba marigayiya uwarka ce ta shayar da yarinyar nan ba, lokacin tana goyon ƙanwarka? Ladi ce dai ta kawo ta garin nan."

Na tashi na nemi Habibu, babban ɗan Gwaggo, na ce ya ba ni wayar.

"Wace waya? Ai na ba uwargida. Surutun tsohuwa ne ya cika ta, na sa yaran caji sun wanke ta tas."

Ko sauraron ɗaya bai yi ba. Wayar na gani a hannun matarsa, tana ɗaukar hoton masu ta'aziyya da ita. Ban taɓa jin tsanar ɗan'uwa ba sai ranar.

Na bi tsofaffin Gazara ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce uwata ce, wata ta ce maƙwabciyarmu ce, wata ta ce ba ta tuna ba. Mahaifin Zainab ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ba zan aurar da 'yata a kan wataƙila ba." Aka dawo mana da kayanmu.

Ya Allah ka gafarta wa Gwaggo Ladi, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da Aljanna saboda marayun da ta goya. Ka ba 'ya'yanta haƙurin rashi, har da Habibu. Zainab kuma ka ba ta miji nagari, ni ka ba ni ƙarfin yi mata addu'ar nan, ko ƙanwata ce ko ba ƙanwata ba.