Faifan Birkin Surukina

Har yau in na tuna da faifan birkin nan sai in ji raina ya ɓaci, kamar jiya aka yi abin.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, surukina, baban matata, ya sayo mota daga Dahome, ƙasar da yanzu ake kira Benin. Falken shanu ne, bai iya tuƙi ba, sai ya damƙa mini makulli. Motar ƙirar Faransa ce, birkin gabanta ba irin na ganga da muka sani ba ne. Faifan ƙarfe ne a bayan kowace taya, in ka taka birki sai a matse shi ta tsaya. Yashin hanyarmu ya cinye su duka biyu, har ta fara kuka in na taka. A garinmu Bagudo ba mai sayar da irinsu, dole muka tsallaka iyaka, ni da shi.

A can wurin mai kayan mota na tono guda biyu daga wata mota da ta mutu. Sun yi tsatsa, amma kauri gare su, kuma kansu ɗaya. Tsatsa ai ba komai ba ce, tafiyar yini guda ta goge ta. Ina cikin murna sai ga aminin surukina, wani Badende, ɗan ƙabilar can, da suka daɗe suna fatauci tare, ya zo da abu a naɗe cikin ƙyalle. Faifai ne guda ɗaya tak, yana walƙiya kamar sabon kwano. Ya ce kyauta ce.

Na karɓa na juya shi. Kyan ɗan maciji! An kankare shi da inji har ya zama siriri, ga wata 'yar tsaga a gefe. Ko da lafiyayye ne ma, wa ke canza ɗaya ya bar ɗaya? Taya ɗaya ta kama, ɗaya ta saki, motar ta karkace da kai.

To amma wa zai faɗa? A wurinmu suruki ba ya musu da baban matarsa. Ko abinci ba ka ci a gabansa, ko ido ba ka haɗawa da shi. Na durƙusa na ce a hankali, “Baba, da an haɗa da waɗancan biyun.”

Bai ko dube ni ba. Ya ce wa amininsa, “Ka ji yaran zamani? Ga sabo shina ƙyalli, shi tsatsa shika so.” Suka yi dariya. A gaban idona aka ɗaura shi a dama, aka bar tsohon a hagu. In ya ɗauki nawa, wai ya raina kyautar amini ke nan. Zumuncinsu ya fi wuyana daraja!

A hanyar dawowa duk takawar da na yi sai sitiyari ya fizge. Na daure da rage giyar mota da addu'a muka iso gida.

Lokacin matata na da tsohon ciki, na fari, kuma al'ada ce ta tafi goyon ciki wurin uwarta a gidan surukina na Zagga. Surukina ya ce a mota za a kai ta, don garin su ga 'yarsa ta zo a motar ubanta. A hanyar kuwa akwai gangaren wani rafi, mai tsawo, da kwana a ƙarshensa. Na aika ƙanensa ya gaya masa motar ba ta da lafiya. Ya dawo mini da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni da ƙafata ke kan birki, ni ne ban hango ba!

Da safen tafiyar aka loda kaya, buhunan gero da tukwane, dangi sun cika ƙofar gida. Matata ta fito tana jan ƙafa, ta kama murfin mota. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce mata, “Ke, saki ƙofar nan.” Sannan na ɗaga kai na dubi surukina tsakar ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

Na ce, “Baba, ba za ta shiga ba. Faifan amininka ruɓaɓɓe ne.”

Ya ce, “Mi kac ce?”

Na maimaita, da ƙarfi.

Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ya kira wani direban babbar mota da ke hutu a gari, ya ce ya kai kayan. Ni kuwa na ari jaki na ɗora matata, na riƙe igiya, muka bi bayansu. Tana ta kuka, wai na kunyata ta a gaban ubanta.

Da muka iso gangaren sai muka tarar da jama'a. Motar na kwance a gefenta cikin rafi, gero na yawo a kan ruwa, direban na zaune a bakin gaɓa riƙe da karyayyen hannu. Faifan ya rabe biyu. Kujerar da matata za ta zauna ta nutse cikin laka. Ta daɗe tana kallon kujerar, hannunta a kan cikinta. Daga nan ba ta ƙara kuka ba.

Ka ce za a ce na yi daidai? Ina! Wasu ma cewa suka yi bakina ne ya kama motar. Ta haifi 'ya mace lafiya. Ana gobe suna dattawa suka kira ni, suka ce surukina ba zai fito wurin sunan ba sai na je na ba shi haƙuri. Matata ta roƙe ni, uwata ta roƙe ni.

Na sayi goro na tafi zaurensa a Zagga. Na cire takalmi, na durƙusa a ƙasa, kaina a sunkuye, na ce, “Baba, na yi kuskure.”

Ya ɗauki goron ya juya shi, ya zaɓi mai kyau ya ɓare. Jikarsa na ciki tana tsala kuka, da ranta da lafiyarta, muna jin ta daga zaure.

Ya ce, “Na yahe maka.”