Bututun da Aka Binne Kafin Hajji

Ba zan rantse cewa komai haka ya faru daidai ba. Shekaru sun ɗan shige, ban rubuta komai a lokacin ba, kuma na lura in mutum ya daɗe yana juya abu a ransa yakan gyara shi bai sani ba. Maganganun da zan kawo na tabbata an yi irinsu, amma wataƙila ba da waɗannan kalmomin ba.

A Misfala, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Kakannina ne suka zo aikin Hajji daga ƙasar Kano suka zauna. Na karanta ilimin muhalli, na sami aikina na farko a wani ƙaramin ofishi mai rubuta wa 'yan kwangila rahoto. In za a haƙa ko za a gina, mu ne muke zuwa mu duba wurin, mu rubuta ɓarnar da aikin zai iya yi, hukuma ta karanta, sannan ta ba da lasisi ko ta hana. Ranar da na gaya wa mahaifiyata cewa an ba ni aikin bututun majari, wato ƙazamin ruwan gidaje, ta daɗe tana kallona.

"Duk karatun nan, ashe masai ka karanta?"

"Muhalli ne, Umma."

"To, Allah ya sa wa muhallin albarka. Ka dai riƙa barin takalminka a waje."

Bututun zai ɗauki ruwan wasu sababbin unguwanni ne zuwa wurin tacewa, can yamma wajen teku. A hanya sai ya ƙetare wani wadi, irin kogin nan namu na yashi da ba ya ganin ruwa sai an yi ruwan sama a duwatsu. Ƙasa kaɗan da mashigar bututun, wadin yana buɗewa cikin wani lungun teku da hukuma ta killace saboda itatuwan shura. Su ne masu tsayawa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu na leƙowa daga laka kamar yatsu, ƙananan kifaye na ɓuya a tsakaninsu har su girma. In bututun ya fashe a wadin, babu inda ƙazantar za ta tafi sai can.

Hanya biyu ce ta ƙetarewa. Ko a haƙa rami a yashi, a shimfiɗa bututun, a rufe, wannan shi ne mai sauri. Ko a kawo injin da zai huda ƙasa can ƙarƙashin wadin, wannan yana cin lokaci. Abin da zai raba gardama shi ne zurfin da ambaliya take tonawa in ta zo. Matsalar ita ce ambaliya takan tone yashin, sannan ta mayar da wani kafin ta janye, gobe ka zo ka ga wuri lumui kamar ba a taɓa shi ba. Sai an je an auna bayan ruwa ya wuce, da ɗuminsa, ake sanin gaskiya.

Mu kuma a tsakiyar zafi muka je. Direban ofis ne ya kai ni, wani dattijo da ya zo daga Chadi ta Sudan, yana zaune a unguwar Ka'akiyya. Kawu nake ce masa, shi kuma yana ce mini Muhandis, wato injiniya. Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa barin in manta ba. Muka fito daga mota, ya dubi yashi da ƙaya har iyakar gani.

"Muhandis, ina kogin naka?"

"Kana tsaye a kansa, Kawu."

"Wannan? A garinmu in kogi ya koma haka kasuwa ake ci a ciki."

Na ɗauki hotuna, na ɗebi yashi a leda, na duba gaɓar wadin inda ruwa ya taɓa zaizaya. Na ga busasshen reshe maƙale a kan wata ƙaya, sama da tsayina. Wannan ya tsorata ni, amma reshe ba awo ba ne. Wataƙila iska ce ta ɗora shi. Muka gangara har bakin shura. Ina tuna sanyin da ya buge ni a wurin, da ƙaguwoyi masu gudu cikin ramukansu. Da muka juyo Kawu ya ce ashe Makka tana da irin wannan a bayan gida ba ta gaya wa kowa ba.

Na koma ofis na sami shugabanmu. Mutum ne mai haƙuri, ba zan ce masa komai ba sai alheri. Da Larabci muka yi maganar. Na ce a ganina, ko da yake ban da tabbas, bai kamata a zaɓi ramin yashi ba sai an ga wadin bayan ambaliya.

"Yaushe ruwan naka zai zo, ɗana?"

"Galibi da sanyi. In ya zo."

"Hajji kuma yaushe ne?"

Dukanmu mun san amsar. Wanda bai zauna a Makka ba zai yi wuya ya gane nauyin tambayar nan. A garin nan komai kashi biyu ne, na kafin Hajji da na bayan Hajji. Aure, gyaran ɗaki, canjin gida, har cire haƙori. In lokacin ya matso, manyan motoci ba sa yawo yadda suke so, ma'aikata ana kwashe su zuwa hidimar alhazai, ofisoshi su zama kufai. Aikin da bai ƙare kafin nan ba, to ya kwanta ke nan, sai Allah ya tashe shi. Hajji yana bin wata, ruwan sama yana bin rana, kuma a shekarar akwai watanni a tsakaninsu, Hajjin ne a gaba.

Ba kuma son rai ne kawai na ɗan kwangila ba. Mutanen unguwannin nan ramukan masai suke da su, motar tsotsa ke zuwa ta kwashe, in ta makara ƙazanta ta malalo titi. Kawu ma, da na kai masa ƙorafi a mota, bai goyi bayana duka ba.

"Kai ba ka taɓa jiran motar tsotsa da baƙi a gida ba, Muhandis. Itatuwan nan ina sonsu, amma ba su da hanci."

Abin da na iya yi shi ne na rubuta sharaɗi a rahoton: a shimfiɗa bututun in ya zama dole, amma kada a ɗauki mashigar a matsayin gamammiya, kada a saki ruwa a ciki, sai an auna wadin bayan ambaliyar farko. Na rubuta shi a fili, na karanta ya fi a ƙirga. Shugabanmu bai cire ko kalma ba, ya sa hannu.

Lasisi ya fito ana saura kaɗan a rufe ofisoshi. Sharaɗina yana ciki, sai dai ya rame. Ya koma cewa ɗan kwangila zai sa ido a kan mashigar a lokacin ruwa. Ba a faɗi wanda zai auna ba, ko wanda za a kai wa awon, ko abin da za a yi in awon ya yi muni. Ban ce wani ya yi haka da gangan ba. Mai yiwuwa haka ake taƙaita kowane sharaɗi, ni ne ban saba ba. Na tambayi shugabanmu ko za mu iya neman a gyara. Ya ce za mu iya, bayan Hajji.

Aka haƙa, aka shimfiɗa, aka rufe. Alhazai suka cika Misfala har ba ka iya fita sayen burodi sai ka bi ayari. Da suka watse, kwangilarmu da ɗan kwangilar ta ƙare, aka mayar da ni wani aiki na wurin zubar da shara. Na ɗaga maganar wadin sau da dama. Kowa ya saurare ni da kyau, kowa ya ce ba a teburinsa take ba yanzu.

Ruwan ya zo da sanyi, da rana tsaka. Ina tsaye a ƙofar gida ina kallon yadda yake gangarowa ta lungunmu da robobi da takalma, yara na murna. Umma ta ce in shigo kada mura ta kama ni, wadin ba zai san na tsaya masa ba.

Ranar hutu na roƙi Kawu ya kai ni. Ya zo da tasa tsohuwar motar, bai karɓi komai ba sai shayi. Hanyar da muka bi da zafi yanzu an sa mata shinge da ƙofa, da mai gadi a ɗan ɗaki. Na nuna masa katin aikina. Ya duba, ya mayar mini cikin ladabi, ya ce izinin shigarmu ya ƙare tare da aikin. Na ce ni na rubuta rahoton wurin. Ya ce Allah ya saka, amma shi sunaye aka ba shi. Kawu ya gwada nasa salon, ya tambaye shi garinsu, ya yi masa addu'a, ya ce yaron nan ba ya barci saboda yashi. Mai gadin ya yi dariya, ƙofar dai ba ta buɗe ba.

Muka zagaya muka hau wani tudu. Daga can ana hango bakin wadin, ruwa ja ya shiga cikin shuɗin teku, shura kuma layi ne kawai mai duhu. Jan nan na laka ne ko da wani abu a ciki, ba zan iya cewa ba. Mashigar kanta tudu ya kare ta. Kawu ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Ni dai ban ji wari ba."

"Iskar ai teku take nufa, Kawu."

"To, ka bar ni in faranta maka rai mana."

Muka zauna har rana ta karkata. Na san a daidai lokacin yashi yana komawa mazauninsa, abin da ya kamata a auna yana rufewa, kuma ba ni da abin yi sai kallo daga nesa.

Bayan haka na yi tambaya a inda na san ana tambaya. Wani ya ce an duba, lafiya lau. Wani ya ce an ƙara zuba duwatsu a kan mashigar, wanda in gaskiya ne yana nufin an ga wani abu. Wani ya ce ba a fara sakin ruwa a bututun ba sai daga baya. Ban ga awo ko ɗaya da idona ba. Mai yiwuwa bututun yana nan daram, tsorona ne ya yi yawa. Mai yiwuwa kuma yana ɗiga a hankali ƙarƙashin yashi, inda ba mai gani sai itatuwan sun fara bushewa.

Akwai waɗanda suka tsaya a wurin lokacin da ban samu shiga ba, masu haƙa, masu tuƙa manyan motoci, masunta na gefen. In ɗayanku ya karanta wannan ya ga na yi kuskure, a zurfin ramin ne, ko a yadda sharaɗin ya fito, ko a abin da ruwan ya yi, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga rubutun. Ko gyaran ya nuna abin ya fi yadda nake tsoro muni, a aiko.