Yadda na bi gari-gari ina kwashe maganata

Ban taɓa shan wahala irin ta takardun nan ba, ko shekarar da ruwan dam ya cinye mani shinkafa ban ji jiki haka ba.

Shekarun baya wani abokina da munka yi firamare tare, shi ya ci gaba ni na tsaya aji huɗu, ya dawo Goronyo da kamfani. Injin casar shinkafa za su kafa kusa da dam, manoma su sayi hannun jari su zama masu shi, mu huta da sai da shinkafa a wulaƙance. Ya ce ni zan yi wa mutane bayani, don a wajenmu ba takarda ake dubawa ba, mutum ake dubawa. In na ce abu na da kyau ana yarda. Abin da na mallaka ke nan, sai tsohon babur.

Sati uku ina yawo. Majalisa, wurin suna, bakin fadama, rumfar masu albasa. Na saki baki ƙwarai, har na fara jin kaina wani darakta.

Sai lauyar kamfani ta zo, wata mata mai haƙuri. Da ta ji abin da nake yi ta dafe kai. Ta ce doka ce, duk maganar da kamfani zai yi wa masu sa kuɗi sai an rubuta ta, an kai hukuma ta amince, kuma kada ta wuce abin da ke cikin littafin bayanin kamfanin. Littafin nan da Turanci yake, kaurinsa kamar bulo. Ta ce dokar ba mugunta ba ce, don kada a yaudari talaka anka yi ta. Tunda na riga na yi magana, sai a rubuta wa na gaya ma, ina, yaushe, kuma mi na ce. Kafin a amince, bakina a rufe.

Na ce mata ni miyar da na sha jiya ma sai na tambayi mai ɗakina. Ta yi dariya, amma ta miƙo fom.

Kowane zama fom ɗinsa. In cika da rubutuna mai kama da sawun kaji, a juya shi Turanci, a dawo da shi wai babu kwanan wata. Da na kasa tunawa, sai na koma Rabah da Giyawa da Marnona ina tambayar mutane mi na faɗa masu rannan. Nan na kashe kaina. Ban yi tunanin yadda abin zai zama a idonsu ba.

A Wurno na iske kawuna, wanda ya ware bijimai biyu zai sayar ya shiga. Ya saurare ni, ya dubi biron da ke hannuna.

"Ɗana, abin ga na da kyau ko babu?"

"Kawu, an hana ni magana."

"Da bakinka ka kira mu. Yau ka zo da biro kana kwashe maganarka. To kwashe, taka ce."

Na miƙa masa fom ya shaida, bai sa hannu ba. Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ko'ina cewa na janye.

Wata huɗu anka yi kafin amsa ta fito. Lokacin noman rani ya kama, kowa ya sa abinsa a taki da man injin ban ruwa. Waɗanda sunka rage ma ba su zo ba. Injin casar bai tashi ba, ciyawa ce a filin har yau.

Ban ce dokar ƙarya ce ba. Na ga waɗanda anka cuta da daɗin baki. Amma wanda ya rubuta ta bai taɓa zama majalisa ba, bai san mutum ya yi shiru bayan ya yi magana ya fi ƙarya muni a wajenmu. Har gobe in na ce gero zai tashi, sai wani ya ce a kawo mani biro. Ina dariya tare da su, ya zan yi.

Ranar da abokina zai bar gari ya miƙa mani takarda shafi ɗaya, da Hausa, da hatimi. Maganar da anka amince in faɗa ce.

Washegari na hau babur na tafi Wurno. Na zauna ƙofar gidan kawu na karanta masa ita da ƙyar, kalma-kalma, har ƙarshe. Shina gyaran igiyar shanu, bai ɗago ba.