Malam Maje da Ajin Asabar na Tarauni

Sunansa na yanka Muhammad Auwal, amma tun yana yaro ake ce masa Maje, har sunan ya bi shi zuwa tsufa. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, a nan ya yi aure, a nan yake har yau, cikin gidan da mahaifinsa ya bari, a wani lungu da ke bayan titin asibitin koyarwa. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, ba ya son zaman majalisa. Matarsa Fatsuma nas ce a asibitin, ita ce mai fara'ar gidan.

Fannin akanta ya karanta a jami'a, wato lissafin kuɗi. Da ya gama, wata masaƙa ta ɗauke shi aiki, aka ba shi ɓangaren da ke gano abin da kaya suka ci kafin su fito daga inji: auduga, rini, wuta, ladan ma'aikata, har zaren da ya tsinke aka zubar. Shi ne ke gaya wa manaja ko wannan zanen atamfar yana kawo riba ko kuwa wahalar banza ake yi. Ya so aikin ƙwarai. Sai wuta ta lalace, kayan waje suka cika kasuwa, masaƙar ta yi ta rage mutane har ta rufe ƙofa. Malam Maje ya dawo gida da shekara arba'in da 'yan kai, da digiri biyu, da 'ya'ya huɗu.

A wannan lokacin wata jami'a ta buɗe cibiyar karatun ƙarshen mako a Tarauni, a wani bene da ta kama haya. An buɗe ta ne domin ma'aikatan da ba za su iya barin aiki su koma aji ba: akawun ofis, malaman firamare, masu shaguna, ma'aikatan asibiti. Ana karatu Asabar da Lahadi. Suna neman mai koyar da lissafin tsadar kaya da yadda manaja zai yanke shawara da shi, kwas ɗin da ɗalibai ke kira kostin kuma suke tsoro. Aka ɗauki Malam Maje a kwantiragi, ana sabuntawa duk shekara. Aka ce masa in komai ya daidaita za a mayar da shi na dindindin.

Bai iya wasa da dariya a aji ba, kuma ba ya sayar da takardun lakca. Amma yana da wata ɗabi'a da ta sa ajinsa ke cika. In ya ga idon ɗalibai ya fara mutuwa a kan allo, sai ya ajiye alli ya ce kowa ya tashi. Ya kwashe su a adaidaita sahu zuwa wani gidan burodi a Daurawa, su tsaya gaban tanda ana zufa, su auna fulawa da suga da itace da kansu.

Wata Asabar mai gidan burodin ya ce zai daina yin cincin, don in ya raba kuɗin hayar gidan tsakanin burodi da cincin, sai ya ga cincin ɗin asara yake yi. Malam Maje ya juya ga ɗalibai.

"To, kun ji. Ya daina ko kada ya daina?"

Yawancinsu suka ce ya daina. Sai wani saurayi daga baya, Al-Amin, akawu ne a lokacin a wani kamfanin sufuri, ya ɗaga hannu.

"Malam, in ya daina cincin, mai gida zai rage masa haya?"

"Ba zai rage ba."

"Ashe ke nan hayar tana nan. Abin da cincin ke kawowa ne kawai zai rasa."

Ranar ɗalibai suka ga haƙoran Malam Maje. Ya ce, "Ku rubuta wannan a inda ba za ku manta ba. Kafin ku ce a rufe wani sashe, ku tambaya wane kuɗi ne zai daina fita in an rufe. Wanda zai ci gaba da fita ko an rufe ko ba a rufe ba, kada ku ɗora shi a wuyan sashen."

Daga nan ya riƙe Al-Amin. Ya ara masa littattafai, ya gyara masa rubutun kammala digiri har sau uku, ya bi ofis-ofis ya nema masa takardar shaida lokacin da ya samu gurbin karatu a waje. Fatsuma ta soya masa dambun nama na guzuri. Da Al-Amin ya dawo da digirin dakta ya kama koyarwa a babbar harabar jami'ar, Malam Maje ya riƙa gaya wa mutane a masallaci, shi da ba ya son surutu, "Yaron nan ɗana ne." Ba a jima ba aka naɗa Dakta Al-Amin shugaban sashen akanta. Shi kuwa Malam Maje yana nan a kwantiragi. Ya fara nasa digirin daktan sau biyu, yajin aiki da hidimar gida suka cinye shi.

Da aka yi sabbin shugabanni a jami'ar, sai suka kafa kwamitin duba shirye-shiryen karatu, a ga wanda ke riƙe kansa da wanda ya zama nauyi. Dakta Al-Amin ne shugaban kwamitin. Shi da kansa ya zo Gyaɗi-Gyaɗi, ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa ya gaida malaminsa.

"Malam, babu wanda ya kai ka sanin wannan aikin. Cibiyar Tarauni nake so ka duba mana."

Malam Maje ya karɓa da murna. Ya ɗauki aikin kamar yadda yake yi a masaƙa, ya bi haya da wuta da alawus ɗin malamai da mai gadi da mai shara. Abin da ya samu bai ba shi mamaki ba: cibiyar tana biyan duk abin da take ci daga kuɗin makarantar ɗalibanta, har ta bar wa jami'a rara mai kauri. Ya rubuta haka ya miƙa.

Rahoton kwamiti da ya fito ya ce cibiyar Tarauni asara take yi, a rufe ta. Malam Maje ya nemi kwafi ya karanta a tsaye. Alƙalumansa suna nan ba a taɓa ba. Amma a ƙarƙashinsu an ƙara wani layi: an raba kuɗin dizal na janaretan babbar haraba, da gyaran motocin shugabanni, da kula da sabon ginin taro, an ɗora wa cibiyar kaso gwargwadon yawan ɗalibanta. Ɗaliban da ba su taɓa shan hasken wannan janareta ba. A shafin farko kuma, cikin jerin waɗanda aka gode wa, ga sunansa: Malam Muhammad Auwal Maje, mai ba kwamiti shawara.

Washegari ya tafi babbar haraba. Sakatariya ta ce ya jira, ya jira. Da ya shiga, Dakta Al-Amin ya miƙe tsaye, ya ja masa kujera.

"Al-Amin, in an rufe Tarauni, janaretan nan zai daina shan mai?"

"Malam, zauna mana."

"Motocin za a sayar?"

"Ba za a sayar ba, Malam."

"To me ka sa wa hannu?"

Dakta Al-Amin ya rufe ƙofa, ya dawo ya yi ƙasa da murya. "Malam, wallahi na sani. Amma an riga an yanke shawara tun kafin a kafa kwamitin. Takarda kawai ake so. In ban sa hannu ba wani zai sa, ni kuma a ajiye ni gefe. Ka san ina jiran ƙarin girma."

"Da ka gaya mini haka a zaurena, da ban ɓata idona ba. Sunana fa? Wa ya ce ka sa?"

"Girmamawa ce, Malam."

Malam Maje ya buɗe ƙofar. Sannan ya ce, "Na gode, Dakta," ya fita. Bai taɓa kiransa da wannan laƙabin ba sai ranar, kuma bai sake kiransa da sunansa ba.

Dalilin rufewar har yau ba a faɗa a fili ba. Wasu sun ce ana so a tura mutane wani sabon shiri na karatu ta intanet mai tsada, wasu sun ce rigima ce tsakanin tsofaffin shugabanni da sababbi. Malam Maje ya rubuta wa majalisar jami'a ƙorafi, ba a ba shi amsa ba.

Aka sanar da ɗalibai cewa 'yan shekarar ƙarshe za su kammala, sauran kuwa duk mai so ya koma babbar haraba ya yi karatun Litinin zuwa Juma'a. Ga mai aiki da iyali wannan kora ce. Kwafin shafin farko na rahoton ya zaga wayoyinsu, an zagaye sunan Malam Maje da jan layi.

Asabar ɗin da ta biyo baya ya shiga aji. A layin gaba akwai Naja'atu, mai karɓar kuɗi a tagar kati ta asibiti, uwar 'ya'ya uku, wadda mijinta ya rasu tana shekarar farko. Saura mata shekara ɗaya da rabi. Ita ce ta fi kowa maki a kostin a wannan zangon. Ta miƙe.

"Malam, da gaske kai ka yi musu lissafin?"

"Ni na yi, amma ba abin da na rubuta ke nan ba. Ku bari in nuna muku."

Ya juya ga allo ya fara zana alƙaluman. Yana cikin bayani ya ji ana jan kujeru. Da ya waiwayo rabin ajin ya fita. Naja'atu tana tsaye da jakarta a kafaɗa.

"Malam, mun gane lissafin, kai ka koya mana. Ni abin da nake so in ji, ina zan je ranar Asabar mai zuwa?"

Ya ajiye allin. Ta ce, "Allah ya isa," ba ta ce ga wa ba, ta bi sauran.

A ƙarshen shekarar ba a sabunta kwantiraginsa ba. Saƙon waya aka turo masa, cewa sabuwar ƙa'ida ta tanadi digirin dakta ga masu koyar da manyan azuzuwa, kuma ana godiya da gudummawarsa. Babu fansho, don shi ba ma'aikacin dindindin ba ne, duk da ya haura shekara goma sha biyar yana hawa benen nan. Benen kansa yanzu shagunan waya ne da wurin ɗinki.

Gida ya koma hannun Fatsuma, ita ma tana dab da ritaya. Ba ta taɓa yi masa gori ba, sai dai ta ce, "Malam, ka fita ka sha iska mana, zaman ɗaki ba naka ba ne." Ya ɗan taɓa yi wa wasu 'yan kasuwa a Babban Giji lissafin shago, ya bari, don yawancinsu abin da suke so shi ne takardar da za ta rage musu haraji. Autarsu Ummukulsum ta samu gurbin karanta akanta. Bai hana ta ba. Amma da ta kawo masa tambayoyin kostin, ya ce kansa na ciwo, ta tambayi malaminta. Ta kai ƙara wurin uwarta tana kuka, Fatsuma ta ce ta ƙyale shi.

Dakta Al-Amin ya zama farfesa. Duk Sallah yana zuwa da shadda da buhun shinkafa. Malam Maje yana karɓarsa a zaure, ya sa a kawo ruwa, su yi maganar damina da tsadar mai har baƙon ya gaji ya yi sallama. Shinkafar Fatsuma ke rabawa maƙwabta, don ya ce kada a dafa masa.

Bara hawan jini ya kai Malam Maje asibiti. Ya bi layin tagar kati, da ya iso ya ga Naja'atu ce a ciki, a kujerar da take tun da. Ta gane shi, ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi jiki.

"Malam, daga baya mun ji yadda abin ya faru. Ka yafe mini maganar da na yi."

"Babu komai. Kin koma karatun?"

"Ina fa. Yanzu babban ɗana ne ke shirin shiga, shi nake tara wa. Wadda muka fara aiki tare ita ce shugabata yanzu, ita ta samu ta gama a wani wuri."

Na bayansa suka fara ƙorafin layi ba ya tafiya. Ta miƙo masa katin, ta ce ɗaki na biyu a hannun dama, ta kira na gaba.

Likita ya ƙara masa magani, ya ce ya rage tunani. Yanzu da hantsi akan gan shi a benci ƙofar gida da rediyo a gefensa, shi da a da ba ya zama. In wani ya wuce ya ce, "Malam, ashe kai ne ka koyar a jami'a?" sai ya ce, "An yi haka," ya ƙara muryar rediyon.